Ina Nairobi, abokai za su Masai Mara: in bi su ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Sakkwato. Ni ɗan Mabera ne, shekara biyu ke nan ina karatu a Nairobi, watan Nuwamba zan gama in sha Allah. Tun ina firamare malaminmu ya nuna muna hoton raƙumin dawa cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, abin bai fita raina ba. Yanzu abokan ajinmu za su dajin Masai Mara cikin Agusta, kwana uku, lokacin da garken dabbobin nan masu kama da shanu ke tahowa daga Serengeti ta Tanzaniya suna tsallaka kogin Mara, kadoji na jiransu cikin ruwa. Na ɗan tara wani abu. Sai dai ɗakin Inna ya fara yoyo da daminar nan, kuma ban gaya mata zancen tafiyar ba. Kwana biyu ba ni barci. Mi kuka gani?

Alhaji na Kara: Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye kuɗinka. Ni na je Yankari, na ga giwaye da idona, na yi wanka a Wikki. In ka dawo ka tafi Bauchi. Dabba ai dabba ce.

Maman Biyu: Ƙanena, nawa ka tara? Ba ka faɗa ba. Namu ƙanen shekara huɗu yana waje, sai hotuna muke gani, ko maganin Baba sai mun yi ta kira. Jiya ma ni na biya.

Ɗan Runjin Sambo: Lokacin ƙaurar nan baƙo dala 200 yake biya a rana, kuɗin shiga kawai, ban da mota da masauki. Tafiyar awa biyar zuwa shida ce daga Nairobi, ta hanyar garin Narok. Kana da takardar zama? Mai ita farashinsa ya fi sauƙi. In bai yiwu ba, ga gandun dajin Nairobi nan bakin gari, akwai zaki da karkanda da raƙumin dawanka, giwa ce dai babu.

Alhaji na Kara: Kun ji ko? Dala 200! Kwano nawa wannan zai saya? Ku bar ruɗin yaron nan. Kuma abincin daji wa ya yanka?

Mai tambaya: Alhaji, Allah shi ƙara girma, ban taɓa fashin aika wa Inna ba ko wata ɗaya. Wannan kuɗin koyarwar dare ne, na hana kaina barci na tara. Abinci kuma zan riƙe garin kwaki da ƙuli, kifi ma akwai. Gandun dajin Nairobi na san shi, tsallaka kogin nan nake son gani.

Malama Gidan Igwai: Ɗana, kira Inna ka gaya mata kai tsaye. Watakila ita za ta ce ka tafi.

Alhaji na Kara: Ai uwa ba ta cewa a'a, ko ruwa na zuba kanta.

Mai tambaya: Yoyon fa ta kusurwa ɗaya ne, Yaya ya ce zai duba. Abokan sun ce ranar Juma'a za a rufe suna.

Maman Biyu: Har yanzu dai ba ka ce nawa ba.