Kwararon dutse: neman sunan Hausa ga "silot kanyon"

1. Ina cikin rubuta bayani a kan tattakin yini guda a gandun Zayon da ke jihar Yuta ta Amurka, wanda aka kafa a 1919, sai kalma guda ta tsayar da ni, wato abin da Amurkawa ke kira "silot kanyon". Ga shawarata da dalilaina, wanda yake da gyara kuma ya kawo.

2. Abin da ake nufi shi ne hanya mai zurfi ƙwarai, matsattsiya, wadda ruwa ya daɗe yana ci a jikin dutsen yashi har ya yanke shi gida biyu. A sashen Naros na Zayon, bangon dutsen yakan kai kusan mita 300 a tsayi, alhali faɗin wurin a wasu sassa bai wuce mita 6 zuwa 9 ba, kuma mai tafiya yana ratsa kogin Birjin ne da ƙafa yana dogara sanda, domin kogin shi ne hanyar. A Antilof, wani wuri irin wannan a jihar Arizona, akwai inda mutum zai miƙa hannuwa ya taɓa bango biyu a lokaci ɗaya.

3. Kwazazzabo ce ta fara zuwa mini, amma na ga gara a bar ta ga Giran Kanyon, babban kwarin nan na Arizona, wanda faɗinsa ya kai kilomita 29 a wani wuri, tunda babu matsi a cikin ma'anarta. Kogo bai dace ba, saboda kogo yana da rufi, nan kuwa ana hango sama ko da siririya ce kamar zare. Tsaga ma na ajiye ta, don tana nuna dutsen ne ya dare da kansa. Tsaga ta fi dacewa da Sik, mashigar tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan, wadda motsin ƙasa ya fara tsagawa kafin ruwa ya goge ta.

4. Mutanen Nijar suna da kori, busasshen rafin da ke cika da ruwa nan take, irin korin Telwa da ya yi ambaliya a Agadez a 2009. Kalmar ta kama halin ruwan daidai, sai dai kori shimfiɗaɗɗen yashi ne mai faɗi.

5. Inda na tsaya shi ne kwararo. Duk wanda ya taso a tsohon birni ya san kwararo: siririyar hanya tsakanin katangu biyu, wadda mutum biyu ba sa jerawa a cikinta sai ɗaya ya raɓe, kuma da zarar an yi ruwan sama ta nan ne ruwan unguwa yake bi. Kunnen Bahaushe ma yana jin kwarara a cikin kalmar tun kafin a yi masa bayani. Idan aka ce kwararon dutse, an haɗa matsi da bango biyu da hanyar ruwa a cikin kalmomi biyu kacal. Nabaho, ƙabilar 'yan asalin Amurka masu yankin da Antilof take, sun bi wannan tunani tun kafin mu, domin sunan da suka ba sashenta na sama yana nufin wurin da ruwa ke ratsa duwatsu.

6. Na nace a kan ruwa ne saboda shi ne ke kashe mutane a waɗannan wurare. A ranar 12 ga Agusta 1997 ambaliya ta halaka masu yawon buɗe ido 11 a sashen Antilof na ƙasa, alhali hadarin da ya haddasa ta ya zuba ne kimanin kilomita 11 daga inda suke. A Satumba 2015 mutum 7 suka rasu a Kihol, wani kwararon dutse da ke cikin Zayon. Dutse ba ya shan ruwa sosai, sai ruwan fili mai faɗi ya taru ya matso cikin hanya guda ɗauke da itatuwa da duwatsu, ga shi babu wajen hawa. Sunan da bai tuna wa mai karatu ruwa ba ya bar rabin bayanin.

7. Akwai suka guda da na yarda da ita: kwararon gari a ƙasa yake, kowa na iya binsa, amma Kihol sai an sauka da igiya. A irin wannan sai a ce kwararon dutse mai igiya, a jam'i kuma kwararon duwatsu. A bayanin nawa zan rubuta cewa kada a shiga kwararon dutse sai an duba hasashen yanayi na ranar.