Shida da Bakwai

Bagobirin Tawa:

Ƴan Tawa ku matso ku ji ta Abija,
ran da na shiga gbaka, ƙaramar bas, a Ajame.
Karen mota na lilo a bakin ƙofa,
yana ihun "Abobo!", mu muna cunkushe.

Wata uwa ta hau da jinjiri a goye,
babbar ƴarta ta rasa wuri, tana tsaye.
Na ɗora ta a gwiwa kamar tawa,
uwar ta waigo da godiya ta ce mini "i ni ce".

Jula ba na ji, lakwal ban shiga ba,
bakina da nata duk a ɗaure.
Sai ta kai yatsa bisa zanen Gobir,
tana bin sa layi layi a natse.

"Kelen, fila, saba," haka take ƙirga,
ni ko "ɗaya, biyu, uku" nake biye.
Da ta kai shida ta ce mini "woro",
na zaro goro daga aljihu a gaggauce!

Mota duka ta kwashe da dariya,
har direba ya kusa sakin sitiyari, ya tuntsure.

Tobashinsa na Yamai:

Kai Bagobiri, rage cika baki,
yarinya tausayi ta ji, ba ƙauna ba.
Ta zaci mage ce ta yakushe ka,
tana duba ko jinin bai tsaya ba.
Kuma goron nan na san halinka,
ɓari ka ba ta, ba guda ba.

Hajiya mai atamfa:

Ɗana Bazabarme, bar shi ya huta,
ni ma na gani a Istambul da idona.
Jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar,
Turai a baya, Asiya a gabana.
Wani ɗan yaro na jefa wa tsuntsaye burodi,
ya tsaya cak da ya ga lallen hannuna.
Ya lashi yatsa ya goga, bai fita ba,
ya sake gogawa, ya leƙa tafina.
Ya gutsuro burodin ya damƙa mini,
muka ciyar da tsuntsaye, ni da sabon jikana.
Har yau ban san sunansa ba,
shi ma bai tambayi sunana ba.

Ɗalibi a Faransa:

Inna Hajiya, kin yi sa'ar gari,
nan jirgin ƙasa na Pari sai a hankali.
Yaro ya yi maka murmushi, ka mayar,
amma hannunka ya zauna cikin aljihu.
Ka miƙa alewa ba izinin uwa,
kallon da za ka sha ya fi mari zafi.
Ni dai gwalo nake musu ta gilashi,
su rama, uwar na can tana latsa waya.

Bagobirin Tawa:

Ɗalibi, gaskiyarka, gari da al'adarsa,
ni ma sai da na ga fuskar uwar a sake.
Kai kuma bawana na Yamai, saurara,
goro guda ne, fari, uwar ta karɓe.

Bakwai na ɗaya kuncin ba mu gama ba,
barci ya sace ta a kafaɗata, na ƙame.
Na ga mashigar unguwarmu tana wucewa,
na ƙi motsi kada ta farka a firgice.

Da suka sauka ta tsaya bakin titi,
ta ja yatsu a kuncinta, tana dariya, a tsaye.
Na sake biyan kuɗin mota na koma baya,
gefen rigata da miyan barcinta a jiƙe.