Gyaran tabon fuska da leza: shawarar likitocin fata a Gusau

Abin da likitocin suka fi nanatawa shi ne, baƙar fata ba ta jure zafin leza, wato na'urar da ke gyaran fata da haske mai ƙarfi, kamar farar fata. Idan aka ƙara wa na'ura ƙarfi, wurin yakan yi duhu fiye da tabon da aka je cirewa, ya ɗauki watanni kafin ya washe. Shi ya sa suka fifita lezar da ba ta saɓule fata, irin wadda ake kira Nd:YAG, a kan lezar CO2 mai saɓule fata. A fara gwadawa a bayan kunne, a jira mako biyu a gani.

Tabon ƙuraje yakan buƙaci zama 3 zuwa 5, da tazarar mako 4 zuwa 6. Tsagar gado kuwa dushewa take yi, ba ta ɓacewa.

Mai shafa man bilicin ta faɗa wa likita gaskiya, domin fatarta ta yi siriri. Wanda tabonsa ke tudu bayan rauni, ya haƙura da leza.

Bayan an yi aikin leza a riƙa shafa Vaseline, kada a ɓanɓare ɓawon da ya fito a wurin. Man kariyar rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariya daga rana) 30 ko sama dole ne, a maimaita duk awa 2 in ana waje, musamman a zafin Maris da Afrilu.