Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta: na wa aka ce a shafa wa ruwa?

Ɗan Mai Wurno: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Musu ne ya kaure tsakanina da wani abokina a kan batun turo sojojin ƙasashen waje su kare fararen hula a nan Sudan. Shi yana goyon baya, sai ya kafa hujja da cewa ai Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wai ma'anarta ka tashi ka kai ɗauki. Ni kuwa na ce wannan karin magana ba a gefensa take ba. Manya, ku raba mu.

Malam na Gadarif: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, ɗana. Gargaɗi ce, ba kiran kai ɗauki ba. Ana faɗa wa mutum ita ne idan ya ga abin da ya sami waninsa, don ya yi hattara kafin ya iso kansa. Da taimako ake nufi, da nasa gemun za a ce ka watsa wa ruwa. Abokinka ya nemi wata, wannan ba ta ɗaukar kayansa.

Hajiya ta Bur Sudan: Malam, Allah ya ƙara sani. In haka ne kuwa, to ƙasashen duniya sun fi mu iya aiki da ita. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Mako guda da 'yan sa'o'i, Amurka ta turo jirage masu saukar ungulu cikin dare ta kwashe ma'aikatan ofishin jakadancinta daga Hartum. Faransa da Ingila suka sauke sojojinsu a filin jirgin Wadi Sayyidna, kowa ya ɗebi nasa. Mu nan bakin teku mun ga jiragen ruwan Saudiyya suna jigilar mutane zuwa Jidda. Na je kusa da tashar ina neman wata 'yar'uwata da ta taso daga Hartum, na tarar da mutane kwance a kan kwali da bargo, kowa ya damƙe fasfo a hannu kamar shi ne ransa, yara suna barci a kan jakunkuna. Wanda takardarsa ta dace ya hau, saura suka koma inuwa. Ban ga laifin wanda ya ceci nasa ba. Amma daga ranar na daina yarda idan aka ce kawo soja abu ne mai wuya da ke buƙatar watanni ana shawara. Idan nasu ne, kwana nawa ya ɗauka?

Ɗalibi a Kasala: Hajiya ta gama magana. Ni dai, Malam, da izininka, ina ganin karin maganar tana da fuska ta biyu. Wutar da ta kama gemun wanda ke zaune kusa da kai, in ba a kashe ta ba, ruwan da ka shafa zai bushe. Ku dubi Chadi da Masar da Sudan ta Kudu, 'yan gudun hijira nawa suka kwarara can? Kashe wutar maƙwabci ma ai shafa wa naka ruwa ne. Shi ya sa Najeriya ta jagoranci ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, zuwa Laberiya a 1990, daga baya ta shiga Saliyo ta mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998.

Malam na Gadarif: Wayo ne mai kyau, amma kai ka ƙara mata wannan fuskar, ba da ita aka haife ta ba. Ka ce ra'ayinka ne, kada ka jingina wa magabata.

Ɗalibi a Kasala: Na karɓa, Malam, ra'ayina ne. To ga abin da ya sa nake riƙe da shi. A Ruwanda, 1994, akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasa lokacin da aka fara yanka mutane. Maimakon a ƙara musu ƙarfi, Kwamitin Sulhu ya yanke a rage su zuwa 270. Cikin kwana 100 aka kashe kimanin mutum 800,000. A cikin 'yan kaɗan da suka rage akwai wani kyaftin ɗan Senegal, Mbaye Diagne, wanda ya riƙa ɗaukar mutane a motarsa yana ratsa shingayen masu adduna da su, har shi ma aka kashe shi a ƙarshen watan Mayu. Mutum ɗaya ke nan. Da an bar dubbai irinsa fa?

Tsohon Direba: Ƙanena, ni na zauna a Niyala shekarun da sojojin kiyaye zaman lafiya suke Darfur, bari in ba ku abin da ido ya gani. Da farko na Tarayyar Afirka ne suka zo a 2004, yawancinsu 'yan Najeriya da Ruwanda. Wasu daga cikinsu Hausa muke yi da su a kasuwa, su sayi katin waya da shayi, su tambaye ka ina asalin kakanka, Sakkwato ko Katsina. Sun zubar da jini a ƙasar nan: a Haskanita, ƙarshen Satumban 2007, 'yan tawaye suka far wa sansaninsu suka kashe 12, akasari 'yan Najeriya. Daga ƙarshen shekarar aka mayar da rundunar ta haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya, UNAMID, Janar Martin Luther Agwai na Najeriya ne kwamandanta na farko, aka amince mata da soja da 'yan sanda wajen 26,000.

Abin da ba na mantawa shi ne rakiyar itace. Matan sansanin 'yan gudun hijira ba sa iya fita neman itacen girki su kaɗai, saboda abin da ake yi musu a daji. Sai ka ga farar mota a gaba tana tafiya a hankali, mata a baya da igiya da gatari, wasu da jakuna, a je a yi itace a dawo kafin la'asar. Wanda bai san wurin ba zai ce wannan wane irin aikin soja ne. Matar da ta dawo lafiya ita ta san amfaninsa.

Mutane sun yi ta ƙorafi cewa sukan iso bayan an gama ɓarna, ihu bayan hari, kuma gwamnatin Al-Bashir takan hana su shiga wurare da dama. Duk da haka, da aka ce za su tafi ranar 31 ga Disamban 2020, mutanen sansanin Kalma zaman dirshan suka yi suna cewa kada a tafi. Ba a yi wata guda ba aka kai hari sansanin Kirinding a Al-Jinaina, aka kashe sama da mutum 150. Don haka karin maganar da ta fi dacewa a wurina ita ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Inna Mai Koko: Yaya Direba, wa ya ci ladan, wa kuma kuturun? Kar dai mu ne kutaren.

Tsohon Direba: Haba Inna, aikin ne mai ƙyama, ba mutanen ba. Nufina wanda ya karɓi amanar tsare rayuka, aka ware masa kuɗi saboda ita, ba shi da damar ajiye aska a tsakiyar kai.

Malam na Gadarif: Wannan ta zauna daidai. Ita ake faɗa wa wanda ya karɓi aiki da hannu biyu, da ya ga wahalarsa ya fara neman hanyar zillewa. Srebrenica ma nan ta faɗa: Majalisar ta ce wa Musulmin Bosniya garin tudun mun tsira ne, sojojin Holan suna wurin, amma a Yulin 1995 aka kwashi maza da samari kimanin 8,000 aka kashe.

Baban Yara, Damazin: Duk kuna magana kamar mai zuwa don Allah zai zo. A 2011 an ce za a kare mutanen Bangazi a Libiya, Kwamitin Sulhu ya ba da izini, NATO ta yi ta ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Sai kowa ya kama gabansa. Makaman Libiya suka watsu har Mali da Nijar, ƙasar ta rabu gida biyu har yau. Kuma mu ma mun tura namu waje, kada mu manta. Tun 2015 Sudan ta aika mayaƙa Yaman cikin ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta, har da 'yan Da'ama, wato RSF. Kuɗi da gogewar da suka samo can, a kan wa suka dawo suka sauke? Ba a ba kura ajiyar nama. Mu da muka ga rikicin Yulin 2022 a wannan jiha tamu ta Blue Nile, inda aka kashe mutum sama da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum, ba sojan waje muka nema ba. Hukumar ƙasarmu muka ce ta yi aikinta.

Ɗalibi a Kasala: Baba, idan masu bindigar gida su ne ke faɗa da juna a kan mutane fa, wa za a kira? A Satumban 2024 kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a kawo runduna 'yar ba-ruwanmu ta kare fararen hula. Gwamnati ta ce ba ta yarda ba, Guterres, babban sakataren Majalisar, ya ce yanayi bai ba da dama ba. RSF ta ci gaba da yi wa birnin Al-Fashir na Darfur ƙawanya har ta faɗi a Oktoban 2025, kowa ya ji abin da ya biyo baya.

Baban Yara, Damazin: Na ji, kuma ya hana ni barci. Amma ka faɗa mini ƙasar da za ta turo 'ya'yanta alhali ba ta da hannu a yaƙin, ba ta kuma hangen zinariya ko tashar ruwa. Kafin a yi zancen kawo soja, masu turo makamai su fara tsayawa. Wannan ba ya buƙatar ko soja ɗaya.

Hajiya ta Bur Sudan: A nan kam ina bayanka, Baban Yara, ko da yake ban sauka daga maganata ta farko ba.

Ɗan Mai Wurno: Malam, wata tambaya ta taso mini. A wasu bakunan ina jin "gemun maƙwabcinka" maimakon "ɗan'uwanka". Wanne ne asali?

Malam na Gadarif: Duka biyun ana faɗa, ni da "ɗan'uwanka" na tashi. Wanda ya ji wata siga daga bakin tsofaffin Mai Wurno ko Sinnar ya kawo mana, musamman mata, sun fi mu riƙe irin waɗannan.