Ƙanina ya kasa rabuwa da tramol, Baba ya ce a kai shi gidan mari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ɓoye sunana don Allah. Ƙanina ne, shekararsa 24, dako yake yi a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Da ƙwaya ɗaya ya fara, da asuba kafin motocin tumatir su iso, wai don ƙarfin aiki. Yanzu in bai sha ba sai gumi da hamma da ciwon gaɓoɓi da zawo, barci ma gagararsa yake. Ranar Juma'a ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, kumfa a baki. Sau uku yana dafa Alƙur'ani cewa ya daina, ba ya kwana uku. Baba ya ce iskanci ne, a sa shi a mota a kai shi gidan mari. Ni hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?

Wata ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Rantsuwar nan da gaske yake yin ta, jikinsa ne ya fi ƙarfinsa. Tramol dangin ofiyom ce, wato magungunan kashe zafin ciwo masu kama jiki. In an daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa kan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, in an tsaya kuma jiki ya yi bore. Gumin da zawon ke nan. Jijjigar ce ta fi tayar min da hankali, don yawan tramol na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kada ku kulle shi ku yanke masa rana ɗaya, likita ne ke rage masa a hankali. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, suna da sashen masu shaye-shaye.

Wani dattijo, Agege: 'Yata, ɗan maƙwabcina ya yi wata shida a mari. Ya dawo da tabon sarƙa a ƙafa, sati biyu ya koma ruwa. Ki lallaɓa Babanku, ki ce masa mai ciwon suga ma magani ake nema masa, ba bulala ba. A haɗa da addu'a.

Wani matashi, Alaba Rago: Yaya, ni kodin na sha kafin a hana shi a 2018. Bayan asibiti, abokai ne matsalar. Ki canja masa wurin aiki in da hali. In ya sake zamewa kada ki yi fushi, ni sau biyu na koma.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Amma da ya ji Yaba zai ce na mai da shi mahaukaci. Yaya zan ɓullo masa?

Ma'aikaciyar jinya: Ki ce masa faɗuwar nan za a duba. Ba ki yi ƙarya ba. Ki tafi da fakitin da yake sha, likita zai so ganin ƙarfin ƙwayar.