Neman shawara: rediyon marigayi Baba, a gyara shi ko a sauya masa ciki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Jekadafari nake, a Gombe. Da aka raba kayan marigayi mahaifinmu, rediyonsa ne ya zo hannuna. Philips ne mai rigar fata, manyan batir huɗu yake ci, ba shi da FM, sai matsakaici da gajeren zango. Yayarmu ta ce tun ana yaƙin basasa yake gidan. Na sa sabon batir, yana kamawa, amma muryar can ƙasa tana rawa, in na murɗa maɓallin ƙara murya sai ƙarar-ƙarar. Wani mai gyara ya ce kayan cikin sun tsufa, a kwashe a sa sabon allo mai FM da Bluetooth. Raina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Tsohon mai gyaran rediyo, Wunti, Bauchi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Malam. Kada ka yarda a kwashe. Tiransistocin wancan zamani, wato 'yan ƙananan kayan da ke ƙara ƙarfin sauti a ciki, da sinadarin jameniyom ake yin su, leƙa za ka ga lambobi irin OC71, AC128 ko AF117. Da wuya a ce su ne suka mutu. Masu laifi galibi kwandensa ne, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, irin masu ruwa a ciki, shekaru ke busar da su, murya ta dushe. A sauya su ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙarar maɓalli kuwa dauɗa ce, a fesa masa abin wanke maɓalli, ba man keke ba.

Abin da ke ba ni tsoro hannun yaran yanzu ne. Sun saba da tiransiston silikon na zamani, wanda in an auna yake nuna kusan bolt 0.6. Jameniyom 0.2 zuwa 0.3 yake nunawa, sai yaro ya ce ya lalace, ya cire lafiyayye ya yar. Kuma jameniyom ba ya jure zafi. In za a sa masa dalma, a riƙe ƙafarsa da filaya ta shanye zafin.

Malamar kimiyya, Yelwa:
Ƙari kan maganar Baba mai gyara: kada ka jona masa adafta ta kasuwa kai tsaye. Yawancin irin waɗannan rediyo tiransistocinsu nau'in da ake kira PNP ne, an haɗa jikin rediyon da ɓangaren fositif na batir, in ka juya wayar an gama. Tsaya kan batir, kuma ka riƙa cirewa in za ka ajiye. Abin tarihi ne a hannunka. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell na Amurka, rediyon farko mai shi, Regency TR-1, ya shiga kasuwa a 1954.

Matashi daga Pantami:
Yaya, ni dai tambayata, in an gyara me za ka ji? Tashoshin gajeren zango sun ragu, caja da inbata da ƙwan fitilar zamani duk shuuu suke cika shi da ita.

Dattijo daga Bolari:
Zai ji, ɗana, ya dai fita tsakar gida da dare, nesa da caja. Mu da muka taso, rediyo mai bawul, wato kwalaben da ake sawa kafin zuwan tiransisto, sai gidan da ke da lantarki, sai ka jira ya yi zafi kafin ya yi magana. Mai tiransisto shi ya kai rediyo gona da ruga. Kaduna muke kamawa a mita 49 ta gajeren zango, BBC Hausa kuwa tun 1957 take. Batir in ya raunana mu shanya a rana. Muna 'yan sakandare har namu muka haɗa: mu naɗa siririyar waya a kwali, mu ciro dayod, ɗan abin da ke tace murya daga sigina, daga mataccen rediyo, mu ɗaure doguwar eriya a darbejiya, wata wayar mu binne a ƙasa mai laima. Babu batir ko ɗaya, amma da abin kunne kana jin magana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na leƙa, akwai AF117 guda uku, kowanne ƙafa huɗu.

Tsohon mai gyaran rediyo:
To, cikin tiransistocin su ne kaɗai nake zargi. Wasu siraran gashin ƙarfe kan tsiro a cikin gwangwaninsu, su haɗe da jiki. Bayan an sauya kwandensa, in muryar ba ta gyaru ba, ɗan ƙwanƙwasa kowanne da bayan biro. Wanda murya ta motsa a kansa, a yanke ƙafar da ke haɗe da gwangwanin, sau da yawa yana tashi. In ka shigo Bauchi ka taho da shi, amma ka cire batir tukuna.