Sabon keken dakon kaya: me zan duba kafin in fara yi masa lodi?

Ɗan Rimi

Assalamu alaikum jama'a. Na sayi sabon keken kaya mai ƙafa biyu, da doguwar kariya a baya da ƙaramin kwandon ƙarfe a gaba. Giya ɗaya gare shi, taya inci 26, birkinsa na roba mai kama rim. Zan riƙa kai wa masu shaguna fiya wata da jarkokin man gyaɗa, kamar kilomita 12 a rana, rabin hanyar ba kwalta. Mai shagon ya ce an riga an ɗaure komai, in hau kawai. Don Allah masu sani, kilo nawa zan iya ɗora masa, kuma me ya kamata in riƙa yi don kada ya lalace da wuri?

Baba Mai Keke

Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya kawo kasuwa. Maganar mai shago kada ta ruɗe ka, yaro. A kwali ake kawo keke, yaran shago ne ke harhaɗawa, kuma sauri suke yi. Kafin ka ɗora ko leda ɗaya, ɗauki sifana mai lamba 15 ka bi notin ƙafar gaba da na baya da fedoji biyu. Ka lura, fedar hagu zarenta a juye yake: wajen da kake murɗawa ka kwance sauran noti, ita nan take ɗauruwa. Sannan ka bi kusoshin kariya, da na sirdi, da na kan keke, wato abin da kake riƙewa kana tuƙi. Ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan. In ya juya taya ba ta bi shi ba, bai ɗauru ba.

Amma inda keken kaya ke fara mutuwa ƙafar baya ce, don nan nauyinka da na kaya suke haɗuwa. Sabuwar ƙafa, sifokinta, wato wayoyin da ke haɗa rim da tsakiyar ƙafa, ba su gama zama ba. Da zarar ta ɗauki lodi na sati biyu ko uku sai wasu su saki. Sifok ɗin da ya saki shi ne ke karyewa: duk zagayen da taya ta yi sai ya lanƙwashe ya miƙe, har ya gaji ya tsinke a wuyansa, wajen da ya shiga hob, wato cibiyar ƙafar. In ɗaya ya tafi, maƙwabtansa su ɗauki nauyinsa, sai su bi shi, rim ya karkace ya fara gogar robar birki.

Saboda haka ka ɗaga ƙafar ka riƙa matse sifok bibbiyu da hannu, zagaye guda. Ko ka ɗan ƙwanƙwasa kowanne da sifana: mai ƙarfi zai yi ƙara siririya, sakakke zai yi ƙara a dushe. In za ka ɗaure da kanka, kwata-kwatan zagaye kawai, sai ka juya taya ka ga yadda rim ke wucewa tsakanin robobin birki. In ba ka iya ba, kai wa mai gyara bayan kilomita 150 na farko, wato sati biyu a lissafin tafiyarka. Wannan zuwan guda ɗaya ya fi duk wani gyara da za ka yi wa keken a shekarar.

Ka ƙirga sifokin ma. Ƙafar kaya ta kirki tana da 36, masu kaurin lamba 13 ko 12. Lamba 14 na keken hawa ne, milimita 2 kacal. Lamba 13 milimita 2.3, lamba 12 kuwa 2.6. Lambar tana raguwa, kauri yana ƙaruwa.

Sai iska. A gefen taya an rubuta iyakarta, galibin masu faɗin inci biyu tsakanin PSI 40 ne zuwa 65 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne). Da kaya, ta baya ta kusanci iyakar sama, ta gaba ka rage mata kamar 10. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, nemi famfo mai agogo. In iska ta yi ƙasa ka faɗa rami, rim zai datse tub ya bar huda biyu jere kamar saran maciji. Duk wanda ya ga irin wannan hudar kada ya zargi ƙaya, famfo ne bai yi ba.

Injiniya Sabon Gari

Baba ya gama magana a kan ƙafa. Bari in taɓa batun kilo.

Malam Ɗan Rimi, duba jikin kariyar ko takardar keken, akan buga nauyin da za ta ɗauka. Kariyar keken hawa ta yau da kullum kilo 25 ce. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke yi don karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, kariyarsa kilo 100 aka yi ta ta ɗauka, kuma shi tun daga firam har sifok don dako aka ƙera shi. Naka yana wani wuri tsakanin biyun. In adadin da aka rubuta na keken gaba ɗaya ne, to har da nauyinka a ciki, sai ka cire kanka tukuna.

Lissafin kayanka ba wuya. Ledar fiya wata mai guda 20 lita 10 ce, kilo 10 ke nan. Jarkar lita 25 ta ruwa kilo 25 da ɗoriya, ta man gyaɗa wajen 23 don mai bai kai ruwa nauyi ba. Satin farko tsaya a leda uku ko huɗu, ka yi ta zagaye a fili kana gwada tsayawa da kwana, sannan ka ƙara.

Yadda ka jera kayan ya fi yawansu muhimmanci. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kuma a kan aksil ɗin baya, wato sandar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kai, ko gaba da shi kaɗan, kusa da sirdi. In nauyi ya zarce bayan aksil, ƙafar gaba za ta yi sakayau, kan keke ya riƙa rawa, a hawa ma ta ɗaga sama. Jarkoki a rataye su biyu, ɗaya kowane gefe, kada a tsayar da su a saman kariya. Kuma su zama cikakku. Jarka rabi mugun abu ce: ka yi kwana, man ya kwaɗa gefe guda ya ja ka ƙasa. Kwandon gaba in a jikin kan keke aka ɗaure shi, kada ya wuce leda ɗaya.

Wajen ɗauri, robar tsohon tub ɗin mota tana aiki, amma ita kaɗai tana barin kaya su yi lilo. Fara da igiya ka ɗaure tam, roba ta biyo baya, kuma ka soke bakin da ya rage. Bakin igiya in ya shiga sifok, faɗuwa ce ba sallama.

Birki kuwa, robar ta tsaya milimita 2 zuwa 3 daga rim, ta kama ƙarfen sosai ba tare da ta taɓa taya ba. Wayar birki sabuwa tana saki a makonnin farko; in hannun birki ya fara kaiwa jikin kan keke, a ja wayar. Da lodi ka riƙa kama biyun tare, ka fara tun da nisa. In rim ɗinka na ƙarfe ne mai ƙyalli, to da damina ka yi hattara, don in ya jiƙe roba ba ta kama shi sai taya ta yi 'yan zagaye ta share ruwan.

Ɗan Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ƙirga, 36 ne. Sarƙa fa? Wani ya ce in riƙa zuba mata baƙin mai. Kuma akwai wata 'yar gangara da nake hawa da ƙyar ko ba kaya.

Malam Na Zariya

Baƙin mai dai a bar shi. Wanda aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, kuma yana kama ƙura. Da hunturu sai ya zama kamar kwaɓaɓɓen yashi yana cin sarƙa da haƙora. Man inji sabo ya wadatar. Goge sarƙar da tsumma mai ɗan kalanzir, ta bushe, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa kana juya feda baya, ka bar shi minti biyar ya shiga, sannan ka goge na waje tas. A cikin gaɓa ake son man. Na waje ƙura kawai yake tarawa. Sau ɗaya a sati, da kuma duk ranar da ruwa ya doke ka. Kada ko ɗigo ya taɓa rim ko robar birki.

Tsakiyar sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. In ta fi haka za ta zame a kan hanya, in ta yi tauri za ta ci boris. Don sanin ta ƙare, ɗora ma'auni daga tsakiyar fin ɗaya, wato ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa, ka ƙirga fin 24 gaba: sabuwa inci 12 ce cif. In ta ƙara kashi ɗaya cikin 16 na inci, canza ta. In ka bari ta kai kashi ɗaya cikin 8, har firiwil, wato faifan haƙoran ƙafar baya, za ka saya.

Batun hawa, ƙirga haƙoran firiwil. Yawanci 18 suke zuwa da shi, faifan gaba na wajen feda kuma 44 ko kusa da haka, wannan kuwa na mai tafiya ba kaya ne. Sa mai haƙora 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu. Gudu zai ragu, amma gwiwa za ta huta, kuma za ka daina miƙewa kana taka feda da dukan nauyinka, abin da ke sa hannun feda ya fara ƙwas-ƙwas. In irin mai kota ne, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, ya fara wannan ƙarar, a buga kotar da guduma ta zauna sannan a ɗaure notin. Jan ta da noti kaɗai zare yake cinyewa.

Baba Mai Keke

Haka ne. Ƙari ɗaya, tunda hanyarka ba kwalta: tsidau. Sami tsohon tub ka yanke bawul ɗin, ka tsaga shi ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub, yana rage huda. In ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba kafin ka kai bakin titi ta sake hudawa. Sholisho kuma a bar shi ya bushe har ya daina kama yatsa kafin a manna facin.

Kowane wata ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana ƙwal-ƙwal, kon, wato notin da ke riƙe boris a tsakiyar ƙafa, ya saki, a ɗaure shi kafin ya farfasa boris. Bayan damina a buɗe hob a wanke a sa giris sabo: na baya ƙwayoyin boris 9 kowane gefe masu kwatan inci, na gaba galibi 10 ƙanana. Da dare ka sauke kaya, kada keke ya kwana da lodi a kan jak, kuma ka ajiye shi a inuwa don rana tana tsattsaga taya.